Ƙafafun Daeng Rewa

Alhamis, da hantsi

Sun rufe shi a cikin tanki. Da idona na ga ƙofar, ƙarfe mai kauri, da kunnena kuma na ji ƙarar da ta yi sa'ad da ta kama. Mijina ke nan, Sangkala Daeng Rewa, mutumin da tun kafin a ɗaura mana aure yake nutso da tiyon iska a baki yana tsinto teripang, dabbar ruwan nan mai kama da kokwamba, a ƙasan teku don 'yan kasuwar China, shi aka turo yau a asibitin Makassar a kan gado kamar buhun shinkafa. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Fitsari ma sai da roba.

Tankin fari ne, dogo, kamar na motar dakon mai, da 'yan tagogi zagayayyu da ba su fi faranti ba. Wai za su matsa iska a ciki har jikinsa ya ɗauka ya koma ƙarƙashin ruwa, su ba shi oksijin zalla ya shaƙa, sa'an nan su hauro da shi sannu a hankali, abin da bai yi ba ran Litinin. Mai kula da tankin, wani mutumin Toraja mai suna Pak Yohanis, ya ce in je in nemi abin da zan ci, don sai bayan azahar za a buɗe. Na ce masa to, ban kuwa motsa daga kan bencin nan ba.

Tsoro nake ji. Rubutun nan ma don hannuna ya sami abin yi ne.

Alhamis, bayan la'asar

Ya fito yadda ya shiga. Likitar, Dakta Tenri, 'yar ƙaramar mace mai gilashi, ta ɗauko allura tana tsira masa daga tafin ƙafa tana hawowa.

"Daeng, ka ji?"

"A'a."

"Nan fa?"

"A'a, Dok."

Sai da ta kusa cibiya ya ce, "Nan kam na ji." Ta sa biro ta ja layi a fatar cikinsa, ta juyo gare ni.

"Ibu Nurbaya, yaushe abin ya same shi?"

"Litinin, Dok."

"Yau kuma Alhamis. Ina kuka kai shi?"

Na faɗa mata gaskiya. In kram, ciwon nan mai shanye jiki, ya kama mai nutso a teku, ai kowa ya san abin da ake yi: a mayar masa da tiyo a baki, a sake zura shi ƙasa, teku ta karɓi abinta. Haka 'yan jirgi suka yi masa har sau biyu, sai da ya fara karkarwa suka haƙura. Da suka iso tsibiri kuma mahaifiyarsa ta sa aka haƙa rami a rairayi mai zafi, aka binne shi har ƙirji daga hantsi zuwa azahar, kwana biyu a jere. Ni ce na riƙe masa lema. Haka aka yi wa maƙwabcinmu shekarun baya, ya kuma tashi, ko da yake har yau jan ƙafa yake yi.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Kwalbar lemo ta ɗauka a kan tebur, ta girgiza, ta buɗe, kumfa ya tsartu ko'ina.

"Haka jininsa ya yi da ya hauro da sauri. Kumfan ya toshe hanyar jini a lakar bayansa. Tankin nan yana matse kumfan, oksijin kuma yana ciyar da abin da bai riga ya mutu ba. Da a ce ran nan kuka kawo shi..."

Ba ta ƙarasa ba. Na ce, "Zai yi tafiya, Dok?"

"Kullum zai riƙa shiga. Za mu ga abin da tankin zai ba mu."

Ba ta tambaye ni su nawa ne a kan injin iskar ran nan ba, ni ma ban faɗa ba. Tiyo biyu ke fita daga injin jirgin Haji Nompo, wanda mijina ke wa aiki.

Juma'a, bayan sallah

Layin biro yana nan inda yake.

Asabar, da yamma

Surukata, Daeng Kebo, ta sauka a jirgin safe da kwando ya fi ta girma: busasshen kifi, shinkafa a ganye, ayaba, da kwalbar man zafinta na kayu putih wanda ba ta rabuwa da shi ko masallaci za ta. Matar nan da man nan ta yi renon 'ya'ya bakwai. Ciwon ciki shi, mura shi, harbin kunamar ruwa shi, ina jin ko jirgi ya huje shi za ta shafa masa. Ta leƙa tankin ta taga, ta taɓe baki.

"Wannan kuwa ai tukunyar dafa teripang ce. A nan kuke sa mini ɗa?"

Pak Yohanis ya yi dariya. "Mama, mu ba ma sa gishiri."

Ba shi kaɗai ke shiga ba yanzu. Akwai wani dattijo mai suna Ko Aheng, da ciwon suga ya ci wa ƙafa, gyambon ya ƙi warkewa. Abin dariya, dillalin teripang ne a bakin tashar jiragen Paotere. Ya ce wa mijina, "Kai ka tsinto, ni na ci shekara da shekaru wai yana ƙara lafiya, ga mu nan a tukunya ɗaya. Cikinmu wa aka cuta?" Daeng bai yi dariya ba. Da can shi ne mai sa majalisa ta riƙe ciki.

Mama, wato mahaifiyata, ta kira daga tsibiri. Wai in tambayi Daeng ko jiragen mutanen Flores suna bi ta wajen da suka yi nutso ran Litinin, don ƙila wani ya tsinci ƙanena Jufri, kuma kin san Jufri ba ya riƙe lambar waya a ka. Na ce zan tambaya.

Akwai yakushi a hannun Daeng na hagu, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu, layi-layi. Ni nake goge masa jiki kullum. Ban tambaye shi ba.

Lahadi, da safe

Ba a kunna tankin ran Lahadi. Shi ma ashe yana hutawa, ƙafafun mijina kuma su jira.

Litinin, da azahar

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa surukata murya a gaban mutane.

Tun ranar farko aka karanta mana doka: ba ashana, ba waya, ba turare, ba kowane irin mai a jiki, tufa ma sai ta auduga da suke bayarwa, domin a cikin iskar nan ƙyas ɗaya ya isa. Na je wanke kwanuka, na dawo na tarar an tura shi. A bakin ƙofar tanki Pak Yohanis ya tsaya cak, ya shinshina, ya yaye zanen. Ƙafafun nan sai ƙyalli suke yi, har tsakanin yatsu.

"Wa ya shafa masa wannan?"

"Ni ce," in ji Daeng Kebo, ko kunya babu. "Sanyi ne ya shige shi. Ƙafa kamar kifin ƙanƙara, ku kuna kallo."

"Mama, kin san in wuta ta tashi a cikin nan ba na iya buɗe ƙofa? Sai na sauke iska tukuna. Ke kina nan waje kina kallonmu ta taga, ni da ɗanki da Ko Aheng."

Ko Aheng ya ce, "Ni fa ƙafa ɗaya na zo gyarawa, ban zo a gasa ni duka ba."

Aka mayar da shi ɗaki a wanke. Man ya jiƙa zanen gado da rigar da gashin ƙafarsa, kafin a gama an rufe ƙofa da sauran, an ce sai gobe. Kwana ɗaya ya sake tafiya a banza, bayan waɗanda muka binne a rairayi. Nan fa bakina ya kuɓuce. Na ce mata ta binne shi da ransa bai ishe ta ba, yanzu so take ta ƙone shi? Ta dube ni, ta kira ni da gajeren sunana a hankali, "Baya, ke kika riƙe lemar." Ta ɗauki kwalbarta ta fita.

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Litinin, bayan magariba

Na same ta a bayan masallacin asibiti tana kuka cikin gyale. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ban san wani abin da zan yi masa da hannuna ba, 'yar nan. Man nan kaɗai na iya." Na kai ta muka sha miyar coto a bakin titi, ba wadda ta cinye nata. Ta miƙo mini kwalbar ta ce in ɓoye, don ba ta yarda da kanta ba.

Talata, da hantsi

Ya shiga. Ina kallonsa ta taga, takunkumin roba a fuska, idanu a rufe gam. Ko Aheng yana karanta jarida abinsa.

Laraba

Layin ya sauka da faɗin yatsa biyu, in ji Dakta Tenri. Ni ban ga bambanci ba, amma na yi mata godiya kamar ita ta saukar da shi.

Mama ta kira. Ta ce ta dafa wa Jufri kifi da tsamiya, ta rufe masa da faranti.

Alhamis, da yamma

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Sun yi nisa da shiga, an kai su "ƙasa", kamar yadda Pak Yohanis yake cewa. Yau shi ne a waje wajen maɓallai, wata ma'aikaciya a ciki. Sai wani famfon iska ya yi tari, ƙararsa ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. Ba wani abu ba ne, an ce kullum yana yi. Amma na ga Daeng ya buɗe ido, ya fizge takunkumin, ya fara dukan bangon tankin da hannu. Akwai lasifika da ke kawo maganar ciki, iskar kuma tana sirantar da murya, sai ka ji ƙato yana magana kamar yaro. Da wannan muryar na ji mijina yana ihu:

"Injin ya mutu! Ku ja! Ku ja tiyon! Jufri, saki buhun! Saki, na ce!"

Na ce wa Pak Yohanis ya buɗe. Ya ce ba zai yiwu ba. Na kama hannun ƙofar ina ja, kamar ni ce zan iya da ita. Ya riƙe ni ya ce, "Ibu, in na buɗe yanzu abin da teku ta yi masa shi zan ƙara yi masa. A hankali za mu hauro." Ya ɗauki abin magana yana cewa, "Daeng Rewa, kana Makassar. Kana kan tudu. Ga matarka nan a taga, dube ta."

Na manna fuskata a gilashin. Ya dube ni, na kuwa san ba ni yake gani ba. Mutane sun sha cewa ni da Jufri ido ɗaya muka ɗauko. Ya riƙe hannunsa na hagu da na dama, daidai wajen yakushin, yana kuka ba sauti. Ko Aheng ya ajiye jarida ya dafa kafaɗarsa har aka buɗe.

Ban san tsawon lokacin da saukar iskar ta ɗauka ba. Na dai san na karanta duk abin da na haddace har na koma farko.

Ban tambaye shi ba. Yanzu ma ba sai na tambaya ba.

Juma'a, da hantsi

Ya ce ba zai ƙara shiga ba. Ya juya wa bango fuska.

Na lallaɓa, na roƙa, na yi faɗa. Na ce, "Daeng, kai da ake kira Rewa, jarumi, tukunya ce za ta kore ka?" Ya ce, "Baya, bar ni. Wanda ya hauro shi kaɗai, wannan ma ya yi masa yawa." Dakta Tenri ta zo ta ce kowace rana da aka bari tana tafiya da wani abu da ba zai dawo ba. Bai juyo daga bangon ba. Aka rufe tankin da kujerarsa wayam.

Wallahi ji nake kamar ina riƙe da igiya tana zamewa a tafina, ba ni da ƙarfin ja, ba ni da halin saki.

Asabar, bayan azahar

Haji Nompo, mai jirgi, ya zo dubiya da ledar lemo da farar hularsa. Ya zauna a bakin gado yana juya carbi, ya ce an sa wa injin sabon bel. Na ce a raina, ihu bayan hari. Sa'an nan ya rage murya, ya ce sun koma wajen, sun duba iyakar iyawarsu, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kuma ba wanda ya san takamaiman dutsen. Sun daina nema.

Daeng ya juyo. "Ba gefen gabas ba ne. Kun yi ta nema inda ba nan ba."

"To wa ya sani in ba kai ba?" in ji Haji.

Bayan ya tafi Mama ta kira, Daeng ya ce in ba shi wayar, in kuma ɗan fita. Na fita. Da na dawo ya ce, "Ki gaya wa Pak Yohanis ran Litinin zan shiga." Na yi murna har na rungume Daeng Kebo. Ban tsaya tunanin me ya sauya shi ba.

Litinin

Ya shiga. Da injin ya yi tari ya runtse ido, bai taɓa takunkumin ba.

Laraba, da safe

An cire robar fitsari. Wa ya taɓa zaton zan yi sujada saboda fitsarin namiji?

Alhamis, da la'asar

Babban yatsan ƙafar dama! Ina yanke masa farce na ga ya motsa. Na ce, "Daeng, sake." Ya ciji leɓe, gumi ya keto masa, yatsan ya sake yin ƙasa kamar mai gaisuwa. Na fita da gudu ba takalmi ina kiran Dakta Tenri. Daeng Kebo kuwa cewa ta yi, "Ai da ma man da na shafa ne, sai yanzu ya ratsa." Ba wanda ya musa mata, har Pak Yohanis ya ce, "Haka ne, Mama, mu taya ki kawai muka yi."

Asabar, da yamma

Gwiwoyi suna lanƙwasuwa. An fara tsayar da shi tsakanin sandunan ƙarfe biyu, mutum a gaba mutum a baya. Yana aikin kamar mai fushi da ƙafafun, sai an ce ya isa ma ba ya bari.

Ya kamata in yi farin ciki. Ina yi. Amma na lura ba ya kallona in yana yi, taga yake kallo, wajen da teku take.

Litinin, bayan azahar

Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Dakta Tenri ta zauna ta yi masa magana dalla-dalla. Ta ce ko ya tashi, shi da nutso har abada. Lakar da ta taɓu sau ɗaya ba ta ɗaukar na biyu, in ya koma ko sau ɗaya ne, ƙila keken guragu, ƙila abin da ya fi haka. Ya ce, "To, Dok," da irin ladabin da na san ma'anarsa.

Da ta fita na ce, "Daeng, me ka ce wa Mama ran nan?"

Ya ce, "Na ce mata zan kawo mata shi."

"Ka kawo wa?"

"Ɗamarar dalma tana jikinsa, Baya, ba inda ruwa zai kai shi. Buhun ne ya maƙale a dutse, shi kuma ya ɗaura igiyar buhun a ƙugu. Na san wajen kamar tsakar gidanmu. Sau ɗaya kawai zan sauka."

"Da waɗanne ƙafafun?"

"Da waɗannan. In ba don haka ba me kike zaton ya mayar da ni tukunyar can?"

Na ce ba ka ji likita ba? Ya ce ya ji. Ya ce Mama ta rantse ba za a yi wa ɗanta sallah ba sai ta gan shi, liman ya je mata sau biyu ta kore shi. Ya ce, "Ni na kai shi jirgin nan. Ni na koya masa riƙe tiyo da haƙori. Hannuna ya riƙe, Baya, ni na..." Na toshe masa baki da tafina. Ba na so in ji, ba na kuma so ya ji kansa yana faɗa.

Makonnin nan ina roƙon Allah Ya ba shi ƙafafu, ban taɓa tunanin inda za su kai shi ba.

Talata

Ya tsaya da sanda ɗaya. Kowa ya tafa, ban da ni.

Laraba, a jirgin komawa

Na bar shi da mahaifiyarsa na tafi tsibiri.

Na sami Mama a barandar gida tana tsince shinkafa. Farantin yana nan a kan tabarma a rufe, sabon dahuwa. Rigarsa mai lamba a baya tana kan igiya, an wanke an sake wankewa. Ta ce, "Ya jikin Sangkala? Ya ce da ya miƙe zai je." Har da murmushinta.

Na zauna a gabanta. Tunda nake ban taɓa kallon tsakiyar idon Mama ina magana ba sai yau.

"Mama, in ya sauka ba zai hauro ba. In ma ya hauro, a kwance zai ƙare. Likita ta faɗa."

"Likita ba Allah ba ce."

"Ba Allah ba ce. Amma ni na ga tankin, na ga abin da aka sha kafin yatsa ɗaya ya motsa. Mama, teku ta karɓi ɗaya a gidan nan. Da hannunki za ki miƙa mata na biyu?"

"Ɗana yana cikin sanyi, Baya. Ba likkafani, ba kabari. Ina zan je in zauna in yi masa magana?"

"Ki zauna a nan, ga ta can kina ganinta kullum. Kakana ma ai can yake, ke kika gaya mana."

Ta ɗaga hannu na ɗauka mari ne, na kuwa miƙa fuskar. Sai ta sauke shi a kaina. Muka yi kukan da ba mu yi ba tun ran da jirgin ya dawo. Can ta tashi, ta buɗe farantin, ta juye wa kyanwa kifin, ta wanke shi ta kife cikin sauran.

"Ki ce wa liman ran Juma'ar sama," in ji ta. "Ki kuma gaya wa Sangkala na sake shi daga alkawari. Amma shi ne na ƙarshe da ya ga ɗana. A sahun gaba nake so ya tsaya."

Ban gaya mata cewa har yanzu sai da sanda yake tsayuwa ba.

Alhamis, da safe

Na isar masa da saƙon. Ya rufe fuska da zane. Da aka zo tura shi ya tafi, amma ban san ko don wa yake shiga yanzu ba, kuma ina tsoron kada ƙafafun su tsaya inda suke tunda an ɗauke musu dalili.

Talata, da azahar

An gama. Dakta Tenri ta ce kwanakin nan ba a ƙara samun wani ci gaba ba, tankin ya ba da abin da zai bayar, saura motsa jiki da lokaci. Ƙafar dama ta dawo sosai, ta hagu tana ja, tafinta har yanzu kamar an naɗe da tsumma. Na tambaye ta ko da mun zo ran Litinin ɗin nan da ta hagun ma ta dawo. Ta ce, "Ibu, ki gaya wa matan tsibirinku su bar rairayi, jirgi za su nema." Ta ba ni amsa ke nan.

Ko Aheng ya ba Daeng sandarsa ta katako mai kyau, wai shi gyambonsa ya rufe. Pak Yohanis ya raka mu har ƙofa ya ce, "Daeng, kada in sake ganinka. Mama, ke ma, da ke da kwalbarki." Na mayar mata da kwalbar a jirgi. Kafin mu isa ta shafe ƙafafun duka biyu, ya ce ta dama tana masa zafi, ta ce ai haka ake so.

Juma'a, bayan la'asar

Masallaci ya cika har waje. Bayan an idar da Juma'a liman ya sanar da sallar gawar da ba ta gaban mutane. Ina ɓangaren mata, na ɗage labule kaɗan, Mama tana gefena ta riƙe mini hannu kamar za ta karya shi.

An kawo wa Daeng kujera a sahun gaba. Liman ya ce masa, "Daeng Rewa, zauna, Allah Ya yi maka rangwame." Ya girgiza kai. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, tsayuwa ce kawai daga farko har ƙarshe. Ya miƙa wa na kusa da shi sandar Ko Aheng, ya saki hannun Haji Nompo, ya tsaya shi kaɗai.

Allah Ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba, ƙafafunsa nake kallo. Kabbara ta farko suna nan daram. A ta biyu gwiwar hagu ta fara rawa, har zanen da ya ɗaura yana kaɗawa. A ta uku, wadda ake yi wa mamaci addu'a, na ga ya karkata, na kusa da shi ya matso da kafaɗa, Daeng ya janye tasa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya. Liman kuma kamar da gangan ya ja addu'ar. Na ce ya Allah, Kai Ka dawo da su, Ka riƙe masa su ɗan wannan lokacin. Aka yi ta huɗu. Aka yi sallama.

Sai da ya juya kai dama da hagu tukuna ya zube a kan kujerar.

Da mutane suka watse Mama ta ratsa ta cikin maza, ba ta kula kowa ba. Ta kama hannunsa na hagu, ta juya shi, ta daɗe tana kallon layukan nan da suka warke suka bar farin tabo. Ta ɗora yatsunta a kansu ɗaya bayan ɗaya. Ya fara cewa, "Mama, ni na..." Ta ce, "Na sani. Tashi mu je gida, abinci yana hucewa."

Ya tashi, da sanda, yana jan ta hagu. Hanyar gida ta bakin ruwa take, jirgin Haji yana ɗaure, tiyo biyu a naɗe a kan injin. Ya tsaya ya kalle su, ni kuma ina kallonsa. Sa'an nan ya ce, "Baya, riƙe ni ta nan, rairayin yana zame mini." Na riƙe shi muka wuce.

Juma'a, bayan magariba

Jufri ya rasu. Ƙanena ya rasu. Yau na iya rubutawa.